Masarar da Na Mayar Gona

Shekarun baya, a shekarar da taki ya yi tsadar da manoman garinmu suka koma auna shi da murfin kwalba suna ɗiga wa masara kamar magani, na gama karatun koyarwa na dawo gida zaman jiran aiki. Garin namu ƙauye ne tsakanin Bakori da Malumfashi, in ka sauka a titi sai ka nemi babur. Na dawo da takarda a cikin leda da kuma girman kai fal cikina. A lokacin gani nake duk wahalar da mutanenmu ke sha rashin dabara ne, kuma ni ne Allah ya turo in gyara musu.

Aiki bai zo ba, sai na manne wa kansilan mazaɓarmu. Babban manomi ne tun kafin ya shiga siyasa, gonakinsa sun kusa kai na rabin garin in an haɗa. Ya yi mini alkawarin zai sa a ɗauke ni koyarwa a firamare, ni kuma na zama mai riƙe masa biro da takarda. Ko tari ya yi, ina gefe ina cewa gaskiya ne, Honarabul.

Da kaka ta zo, amfani bai yi auki ba. Masarar da ba ta ƙoshi da taki ba, goyonta bai wuce tafin hannu ba. Sai kuma aka fara satar masara a gonaki, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Nan kansila da sauran manyan manoma suka samu mai unguwa, aka sa aka yi shela cewa bana an hana kala. Ga waɗanda suka tashi a birni, kala ita ce tsintar abin da ya rage a gona bayan mai ita ya kwashe amfaninsa. Tun kakanninmu, da zarar an kwashe, gona ta zama ta kowa, mata da tsofaffi su shiga su tsinci rabonsu, ba mai tambayarsu daga wane gida suke. Shelar ta ce duk wanda 'yan sintiri suka gani a gonar da ba tasa ba, ɓarawo ne. Mai bukata kuma ya zo ƙofar gidan kansila ranar Juma'a, za a raba masara tiya bibbiyu, a rubuta suna, a ɗauki hoto a waya. Zaɓe saura 'yan watanni. Ni ne mai rubuta sunayen, kuma ni aka ce wa in fara da gidajen da ke tare da mu.

A bayan gidanmu akwai wata dattijuwa da muke kira Gwaggo, matar marigayi aminin mahaifina ce. Mijinta dillalin auduga ne a zamanin da auduga ke da daraja, a zaurensa baƙi ke cin tuwo, kuma har ya koma ga Allah ba ya jam'iyya ɗaya da su kansila. Yanzu gidan ba kowa sai ita da jikoki uku, ɗanta ya tafi kudu neman kuɗi an kwana biyu ba labari. Na san tukunyar gidan ba kullum take hawa murhu ba, don katanga ɗaya ce tsakaninmu. Sai na ga bari in yi abin kirki, na je da takardata na ce zan saƙala sunanta ko da ba na layinmu ba ne. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa a moɗa, ta tambayi lafiyar mahaifiyata kamar ba da safe suka gaisa ba. Da na sake tayar da maganar, ta ce in bar biron nan ya huta, ita ba ta tsufa da tsayawa a ƙofar gidan wani ana ɗaukarta hoto da kwano a hannu ba. Na fito ina cewa a raina, ga talauci ga izza.

A satin ne muka karya tamu masarar. Gona ɗaya ce mahaifina yake da ita, a bakin rafi, gadon ubansa. Shi da 'yan ƙwadago biyu da ni muka yi aikin. Tun rana ba ta yi nisa ba na lura ana barin masara a baya. Wata a jikin kara, wata ta faɗi a kunya an tsallake ta. Abin da ya fi ba ni haushi, mahaifina da kansa ya fi kowa. Sai ka ga ya kai hannu ya karya uku ya wuce ta huɗu kamar bai gan ta ba. Na ce lallai tsufa ya fara taɓa idon Baba, su kuma 'yan ƙwadago sun samu sake. Na bar wa cikina, don ina so in ba su mamaki.

Washegari ana sallame sallar asuba na ɗauki buhu biyu na nufi gona. Na bi ta kunya-kunya, na ɗaga kowane kara, ban bar ko wadda ɓera ya fara ci ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi na cika buhu ɗaya na kusa cika na biyu. Na ari baro wajen abokina, na turo shi ta tsakiyar gari da gangan, ina amsa sannu da aiki da ƙarfi. Ina shiga gida na juye su a tsakar gida na tsaya na riƙe ƙugu, ina jiran a sa mini albarka.

Mahaifiyata tana tankaɗe. Ta dubi masarar, ta dube ni, ta ajiye rariya ta riƙe baki. Mahaifina ya fito daga ɗaki, ya daɗe yana kallon tulin, sannan ya tambaye ni daga ina. Na faɗa masa da murnata, har da ƙarin cewa baɗi sai an sa ido a kan 'yan ƙwadago.

Ya ce, "Wa ya aike ka?"

Na ce ba kowa, gani na yi ana asara.

Ya ce, "Malam ɗan boko, tun ba a haife ka ba nake karyar masara. Kana ganin akwai goyon da zai ɓuya mini a gonar nan? Kwashe ka mayar."

Na ɗauka wasa yake. Da na ga ba wasa, sai na hau bayani. Na ce abin da muka zuba a rumbu ba zai kai mu sabuwar masara ba, na ce mu ma ai talakawan ne, na ce kuma an yi shela. Ya bar ni na gama tsaf. Ya ce ya san abin da ke rumbunsa, shi ya zuba. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Mahaifiyata ce ta warware mini. Ta ce sau biyu tana aika wa Gwaggo hatsi a kwano tun da damina, sau biyun kwanon yana dawowa da hatsinsa, har da ɗan ƙullin daddawa a kai wai a sa a miya. Ta ce irin su Gwaggo suna da yawa a garin nan, sun gwammace su kwana da yunwa da a ce an ba su. "In ka miƙa mata a kwano, sadaka ce. In ta duƙa ta tsinta da hannunta, guminta ne. Kai da ka yi karatu ba a koya maka wannan ba?" Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, ni kuwa ko kututture ban hau ba.

Haka na sake loda baro na bi ta hanyar da na zo, sai dai wannan karon kaina a ƙasa. Waɗanda suka yi mini sannu ɗazu suna tambaya ko masarar ce ta ƙi zaman gida. Kafin in fita mahaifiyata ta ja mini kunne kada in zube ta tsibi guda, in mayar da kowace yadda na same ta. To ina zan tuna? Na yi ta yawo a gona da rana tsaka ina cusa masara a ƙarƙashin kara, ina jefa wata a kunya, ina waige kada wani ya gan ni ya ce ɗan gidan Malam ya taɓu. Tattarawa ta fi mayarwa sauƙi nesa ba kusa ba.

Da la'asar ina ƙofar gidan mai unguwa, a gefen kansila, ana duba sunayen rabon Juma'a. Sai ga mahaifina da tsohuwar rigarsa ta zuwa masallaci. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gai da mai unguwa, ya gai da kowa, sannan ya ce:

"Ranka ya daɗe, na zo in faɗa da bakina kada a ji a bakin wani. Na gama kwashe gonata ta bakin rafi. Daga gobe a buɗe take. Duk wanda 'yan sintiri suka gani a ciki, baƙona ne."

Kansila ya yi murmushi, don mutum ne mai iya magana. Ya ce ai doka ta kowa ce, don kare dukiyar talaka aka yi ta, kuma mai bukata ga ƙofa nan a buɗe. Sai ya dafa kafaɗata ya ƙara da cewa ga ma ɗan Malam nan tare da su, ana ta ƙoƙarin maganar aikinsa. Kowa a wurin ya gane abin da yake nufi, har ni.

Mahaifina ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, yaro ya yi karatu, takardarsa tana hannunsa, in da rabo zai samu. Gonar kuwa ta ubana ce, kuma a buɗe ya bar mini ita."

Mai unguwa ya gyara zama, ya sosa gemu, ya ce to ai dama shelar don gonakin da ba a kwashe ba aka fi yin ta, mai gona kuma shi ke da iko da gonarsa. Wani tsoho daga can ƙarshen tabarma ya ce in haka ne shi ma tasa a buɗe take daga jibi. Kansila ya miƙa hannu ya karɓi takardar sunayen daga hannuna, ya ce zai ƙarasa dubawa a gida. Tun daga ranar bai sake nemana ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, a ranar haushin mahaifina na ji. Gani nake ya ɗauki aikina ya watsa a gona tare da masarar. Ko tuwon dare a ɗaki na ci.

Da safe ya ce in je in zauna a bakin gona, in 'yan sintiri sun zo in shaida musu da izininsa. Na tafi ina ƙunƙuni. Ina zaune a gindin ɗorawa mata suka fara zuwa, ɗaya-ɗaya, bibbiyu, wasu da goyo. Can sai ga Gwaggo, ta ci ɗamara da tsohon gyale, buhu a hannu. Ta shiga kunya ta duƙa, tana aiki da sauri kamar ba ita ba, tana hira da sauran mata har ina jiyo dariyarta. Da buhunta ya yi nauyi ta zo wucewa ta gabana, ta sauke shi ta share gumi.

Ta ce, "Ɗan nan, ka gaya wa babanka bana masu karyar masararsa sun fi na kullum sakaci. Har uku-uku nake tsinta a wuri ɗaya, an jera su kamar ƙwai."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ta dube ni ta gefen ido, bakinta yana motsi da dariyar da take dannewa, ta ce, "Allah ya ƙara musu sakaci." Na ɗora mata buhun a kai, ta tafi tana taku ɗai-ɗai, ba ta ce an gode ba, ba kuma wanda ya jira ta ce. Da yamma na ji ƙarar turmi ta bayan katangarmu. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Abin da ya biyo baya ba wani abin mamaki ba ne. Manoma biyar ko shida suka buɗe gonakinsu, manyan ba su buɗe ba. An yi rabon Juma'a, an ɗauki hotuna, kansila ya sake cin zaɓensa. Aikin firamare aka ba wani. Rumbunmu ya ƙare kafin sabuwar masara kamar yadda na faɗa, sai da aka sayar da tunkiyar mahaifiyata, muka yi ta fama da kwaɗon rama. Gwaggo kuwa, tsakanin gonarmu da sauran, ta tara abin da ya riƙe ta da jikokinta har ɗanta ya waiwayo gida. Ni daga baya na samu koyarwa a wata makaranta a Funtua, inda nake har yanzu.

Mahaifina ya tsufa sosai yanzu, kuma har yau bai taɓa tayar da maganar ba. Mahaifiyata ce dai ba ta bari, duk kaka sai ta tambaye ni ko in aro mini baro.

A da, in ana cike takarda aka zo wajen sana'ar uba, da sauri nake rubuta manomi in wuce, kamar wani abin ɓoyewa. Yanzu da ƙarfi nake faɗa. Na zauna da masu kuɗi, na ga masu kyauta iri-iri, na ga waɗanda sai an kunna waya hannunsu ke shiga aljihu. Ban ce ba su da lada ba, wannan tsakaninsu da Ubangijinsu. Amma ni ɗan mutumin nan ne mai gona ɗaya, wanda ya yarda gari ya ce bai iya girbi ba, don kada a ce matar amininsa ta yi bara.