Katakon Kawu a Kan Falwaya

Kawuna ya shekara ashirin da takwas yana gyaran wutar lantarki. Layinsa shi ne wanda ya ratsa filin ciyawar da ke bayan gari, inda za ka yi tafiyar awa guda ba ka ga bishiya ba.

Duk shekara in sanyi ya shigo, sai mikiya ta zo daga ƙasashe masu nisa. Ba ta da wurin sauka sai kan falwaya. Tana buɗe fiffike sai ta haɗa waya biyu, wuta ta ɗauke, a tura Kawu gyara, ya tarar da ita a ƙasa ƙafafu a ƙone. Akwai shekarar da ya binne mikiya goma sha ɗaya, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Limamin Tsuntsaye.

Da ya lura kullum wuri mafi tsayi take zaɓa, sai ya fara ɗaura katako can sama da waya. Da katakonsa ya ƙare, ya ɓalle na gadon baƙi. Matarsa ta ce ba komai, ranar da danginsa suka zo sai su hau falwayar su kwana.

Labari ya kai kunnen manaja. Doka ta hana ɗora wa falwaya abin da bai fito daga ofis ba, don haka ya ba Kawu mako guda: ya cire, ko ya karɓi takardar sallama. Saura shekara biyu ya yi ritaya, ga yara uku a makaranta. Ya ce ya ji, amma bai cire ko katako ɗaya ba.

Rana ta takwas manaja ya zo layin da kansa. Suka tarar da mikiya uku, kowace a kan katakonta tana gyara gashi. Direban motar gyara da ya kawo su ne, ba wanda ya tambaye shi, ya ce wata biyu ke nan rabon da a kira su gyara a layin nan.

"Yallaɓai, in ɗauko tsani?" in ji Kawu.

"Ɗauko. Na ukun can ya karkace, ɗaure shi da kyau kafin ya faɗo wa wani a ka."

Kawu ya yi ritaya da mutuncinsa. Har yau in yana ba da labarin ba ya yabon kansa, direban nan yake ta sa wa albarka.