Zanin da Nafisa Take Ɗaure Cikinta da Shi

A watan nan Yaya Lami ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan soya 'yar waina in raba wa maƙwabtanmu na Makera sadaka, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da idona ya gani a ɗakin 'yarta Nafisa. Tun ranar barcina ya ragu, ina ta tambayar kaina: da tana raye, me za ta ce?

Ga wanda bai san ta ba, Lami yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ce wakiliyar mata a ƙungiyar ma'aikatan wata masaƙa da muka yi wa aiki a Kakuri, zamanin da idan jiniyar tashi ta yi kuka titi kan cika da mutane har mota ta rasa hanya. Mu muna sashen duba yadi. Gajeruwa ce, ga murya kamar ta mai tallan kifi, Turancinta kuwa bai fi cikin cokali ba. Girki ma, Allah Ya ji ƙanta, tuwonta sai mai haƙuri. Amma tana da doka guda da ba ta yarda a taka ba: mace ba ta shiga ofishin manaja ita kaɗai, ko da gaisuwa za ta kai.

A lokacin, 'yar wucin gadi idan cikinta ya fito, sai a ce mata ta je gida ta huta, hutun da ba a dawowa. Haka aka yi wa Rifkatu, wata yarinya 'yar unguwar Television da ke tsayawa kusa da ni, aka ce Juma'a ce ranarta ta ƙarshe. Yaya Lami ba ta yi wa kowa hayaniya ba. Ranar Lahadi ta saka silifas ta bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya, na Musulmi da na Kirista, tana cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Ran Litinin kowace mace a sashenmu ta zo aiki da zani a naɗe ƙarƙashin riga, ciki turtsitsi. Har Mama Saratu mai furfura da jikoki, ita ma ta zo tana dafe ƙugu tana nishi. Ni ko aure ban yi ba a lokacin, na ce, "Yaya, idan Baba ya ji fa?" Ta ce, "Ki ce masa ni na yi miki."

Da manaja ya leƙo ya gan mu jere, ya ce, "Lami, wane irin wasa ne wannan?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba wasa ba ne. An ce mai ciki ba ta aiki a nan. To ga mu, sai ka fara sallama daga inda ka ga dama." Mazan da ke kan injuna suka yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma suka soma kashe injunan. Ba a sallami Rifkatu ba. Ta haihu, ta yi arba'in, ta dawo bakin aikinta, bayan haka ƙungiya ta matsa har abin ya zama ƙa'ida ga kowa.

Yau masaƙar nan ba ko kwano a kanta, awaki ne ke kiwo a inda muke tsayawa. Nafisa, autar Yaya Lami, tana aiki a wani ƙaramin kamfanin leda. Babu ƙungiya, babu takardar ɗaukar aiki, wani ɗan kwangila ne ke tsayawa a bakin get da safe yana nuna wadda za ta shiga. Mijinta yana ɗan aikin lodi a Rido, yau a samu gobe a rasa. Na je duba ta da sassafe, na tura ƙofa ba ta ji sallamata ba, na same ta ta ja numfashi ta riƙe, tana tamke cikinta na wata biyar da zani kafin ta ɗora rigar aiki. Atamfar masaƙarmu ce, cikin kayan da uwarta ta bar mata. 

Haka take wuni a tsaye cikin zafin narkakkiyar roba, ƙafa a kumbure. A wurin awo an riga an ja mata kunne ta daina. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abin da ke cikin nan shi ma numfashi yake nema. Ta ce, "Inna, idan na kwance shi me za mu ci? Ku kuna da ƙungiya. Mu idan mace ta yi tari, akwai goma a bakin get suna jiran wurinta." 

Na san abin da zai fara ba Yaya Lami haushi, ba ɗan kwangilar ba ne. Ganin matan kamfanin nan za ta yi, kowace ta sunkuyar da kai ga wayarta, ba wadda ta san ƙofar gidan wadda ke kusa da ita. Mu a da, kwano ɗaya muke ci da su Rifkatu. Tun rigingimun da suka raba garin nan, mutum sai ya yi tunani kafin ya tashi daga unguwarsu ya shiga ta wasu. Amma ba zan yaudari mai karatu ba. Dabarar zani ta ci ne saboda masaƙa na buƙatar hannayenmu a lokacin. Yau ban sani ba ko za ta ci. Kuma ita kanta Yaya Lami ba a banza ta sha ba: ba a taɓa ƙara mata girma ba, da aka soma rage ma'aikata da ita aka fara, ta ƙarasa kwanakinta da tarin ƙurar auduga. Shi ya sa tsorona ya rabu biyu. Idan Nafisa ta ci gaba da ɗaurewa ina jin tsoron abin da zai sami ɗan. Idan ta kwance ina jin tsoron tukunyarsu.

Ban ba ta shawara ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai ji na yi ranar Lahadin da ta wuce ta hau keke ta bi gidajen abokan aikinta har Television. Wasu sun ce za su tsaya mata, wasu sun ce Allah Ya kyauta suka raka ta bakin ƙofa.

Yau da safe ta biyo ta gidana kafin ta wuce aiki, ciki a fili kowa na gani. Ta miƙo mini zanin ta ce, "Inna, ki wanke ki ajiye mini. Na goyo ne." Na tambaye ta wa zai raka ta ofishin manajansu. Ta ce wata Godiya, wadda suke inji ɗaya. Na ce, "Ita kaɗai?" Ta ce, "Mama cewa ta yi kada mace ta shiga ita kaɗai. Ba ta ce sai mun cika ɗari ba."

Masaƙa ta tafi, ƙa'idar da aka sha wuya a kanta ta bi ta, ko hoton kirki na Yaya Lami ba mu da shi. Abin da ya rage mata a duniya shi ne dokar nan guda, da yarinyar da ta ɗauke ta ta fita da ita yau. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ba wanda ya ce mana ba a kama barewa. Na wanke zanin, yana kan igiya. Azahar ta wuce, kuma duk keken da ya tsaya a ƙofar gida sai in tashi in leƙa ko ita ce aka koro.