Rufin Fijon Gidan Sulaiman

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Rufa'i Sulaiman a unguwar Kolere ta Mubi, kuma ba doguwa ba ce. Abin da zan faɗa a kansa, rabi na gani, rabi katangar ta bar ni na ji.

Mahaifinsa, Alhaji Sulaiman, daga ƙasar Zamfara ya zo Mubi da zare da allura, ya kafa rumfa a kasuwa, teloli suka saba da shi. Shi ya sayi Fijon nan mai ruwan toka tun muna samari, ya sa aka ɗora mata kariyar ƙarfe ta ɗaukar kaya a kan rufi saboda dilolin yadi. Da ya rasu, 'yan'uwa suka ɗauki abin da suka ɗauka, Rufa'i ya zauna da rumfa da mota. Ya kuma gaji wata ɗabi'a da ba a rubuta ta cikin gado ba: motar ba ta karɓar komai a kan mai naƙuda, ba ta karɓar komai a kan gawa. Mai naƙuda a kujerar baya. Gawa a sama, a kan kariya, makara ce ko akwati, Rufa'i bai taɓa tambaya ba. Igiyoyinsa na nan a but ɗin motar, a naɗe, ba ya ɗaure buhu da su.

Mutum ne marar yawan magana. Idan ya ce "to", sai ka duba fuskarsa kafin ka san wace "to" ce.

Ɗansa na fari shi ne Khalid. Mu mutanen da, ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma zama mu yi hira da shi kamar sa'a. Yawancinmu mun sassauta da tafiyar zamani, Rufa'i bai sassauta ba. "Wannan yaron" yake cewa, ko da yaron na tsaye gabansa da gemu. In yana son a wanke mota, sai ya gaya wa matarsa Na'imatu cewa motar ta yi ƙura, ita kuma ta leƙa ɗakin Khalid. Haka gidan ya yi shekaru yana tafiya lafiya, don Na'imatu ta iya fassara mijinta. Ta san shirun da ke nufin e, ta san wanda ke nufin kada a kuskura.

Akwai kuma Ishiyaku, manomin gyaɗa daga ƙauyen Muchalla, Kirista, mai dariya kamar ana buga kwano. Duk ranar kasuwa yakan sauka daga acaɓa ya zauna a rumfar Rufa'i, ya ci masa goro, ya zage masa mota.

"Ɗan Alhaji, wannan tsohon motar naka bai mutu ba har yanzu?"

"Tana jiran ka, mutumin dutse."

"Shi da ni za mu gani wanda zai riga."

Shekarar tashin hankalin da muka bar garin nan da abin da ke jikinmu, ba sai na faɗi dalili ba, Rufa'i ya cika Fijo da iyalinsa da tsofaffin unguwa, ni ma ina ciki, ya nufi Muchalla. Ishiyaku ya tura motar bayan rumbunsa, ya lulluɓe ta da karan dawa har ta zama kamar tarin abincin shanu, sannan ya shige gabanmu da sanda ya bi da mu hanyar dutse. A gindin wata tsamiya, muna hutawa, ƙafafu sun kumbura, na ji ya ce:

"Ɗan Alhaji, na ɓoye maka shi. Ladana ɗaya ne. Ran da na mutu, ko a ina ne, wannan mota zai kawo ni gida. A sama, yadda kake yi wa mutane. Ba na son a zuba ni a bayan a-kori-kura kamar buhun gyaɗa."

Rufa'i ya ce, "To." Na duba fuskarsa. Ta gaske ce. Khalid a lokacin yana can gaba ɗauke da ƙanwarsa, bai ji ba.

Muka dawo, muka share gidaje, rayuwa ta ci gaba da ɗingishi. Teloli suka koma sayen zare a manyan shaguna. Na'imatu ta kwanta ciwo a wata damina, ba ta tashi ba. Sannan yanar ido ta rufe wa Rufa'i na dama, na hagu ma ya fara bin sa, ya ajiye makullin motar a kan tagar zaure ba tare da ya ce wa kowa komai ba. Khalid ya ɗauka. Ya yi aure, ya haifi biyu, takardar makarantarsa na ƙasan akwati. Ya gwada lodin fasinja zuwa Maiha, mutane suka fi son sababbin motoci masu sanyi. Tukunyar gidan ta koma hawa wuta sau ɗaya a yini. Wannan ma katanga ce ta gaya mini.

Wata ranar da yamma muna zaune a dakali, Khalid ya zo ya durƙusa, wayarsa a hannu. Ni ya kalla, da yake ya san da wa ake magana a gidansu.

"Kawu, don Allah ka taya ni nuna wa Baba. Dubi wannan. Tsohuwar mota ce irin tamu, aka yanke rufin, aka yi mata fenti. Amare yanzu ita suke nema, su zauna a baya ana ɗaukarsu hoto. 'Yan siyasa ma in kamfe ya zo, suna son inda za su tsaya su ɗaga hannu. A Mubi ba mai irinta. Na yi magana da Tizhe mai walda, ya ce zai iya, sai dai ba za ta ƙara shiga hanyar ƙauye ba, don rufi ne ke riƙe da jikinta. Amma wa ke kai amarya ƙauye a buɗaɗɗiyar mota?"

Na miƙa wa Rufa'i wayar. Ya kai ta dab da idonsa na hagu, ya daɗe, ya mayar mini.

"Malam," in ji shi, "motar nan tana da aiki a sama."

Khalid ya ce, "Kawu, yanzu masallaci na da motar gawa, coci ma suna haya. Rabon da a ɗaura makara a kanta tun Inna na da rai."

Gaskiya ya faɗa. Rufa'i ya juya carbinsa. Daga cikin gida jikarsa tana kuka, irin kukan da ba na rigima ba. Ya saurara har ta yi shiru.

"A bari mu gani," ya ce.

Da Na'imatu na nan, da ta ja ɗanta gefe ta ce masa uban ya ƙi. Khalid kuwa abin da ya ji shi ne ba a hana ba. Bayan ya tashi na ce wa Rufa'i, "Ka tuna masa da maganar tsamiya mana." Ya ce, "Yaro ya zo da yunwar 'ya'yansa, ni in fito masa da gawar da ba ta mutu ba?" Na ce to ni in faɗa. Ya ce, "Maganata ce." Na bar maganar, don alkawarin mutum ba a ɗaukar masa shi sai ya miƙo.

Kwanaki suka wuce yana jinkiri, yana jiran yaron ya sake tambaya. Yaron kuma yana ganin an gama. Wata safiya motar ta fita, ba ta kwana a gida ba. Garejin Tizhe ba shi da nisa da mu, ƙarar injin yankan ƙarfe na kaiwa har dakali. Rufa'i ya zauna ya ji ta tun daga farko har ƙarshe. Abin da ya ce kawai, a gaya wa wannan yaron kada a sayar wa 'yan gwangwan rufin. Aka kawo shi a kura, da kariyarsa a jiki, aka jingine a bangon tsakar gida.

Ta dawo fara fat, kujeru ja. Ba zan ɓoye ba, ta yi kyau, kuma ta kawo abinci. Amare suka yi layi. Jikokin Rufa'i suka yi kumatu. Ishiyaku ya gan ta sau ɗaya a bakin kasuwa, da balan-balan a jikinta, ya tsaya ya kalle ta, ya zo rumfa ya zauna.

"Ɗan Alhaji, an yi wa abokina aski."

"An yi."

Ranar Ishiyaku bai ci goro ba, bai kuma yi dariyar nan tasa ba.

A daminar da ta biyo aka kawo Ishiyaku asibiti a Mubi, ƙirji ya riƙe. Rufa'i na zuwa kullum, ina riƙe da hannunsa saboda ido. Ranar da Ishiyaku ya cika, da hantsi, matarsa Salome ta fito baranda, ta goge fuska da bakin zani, ta ce, "Baba Rufa'i, ya ce kai ka san yadda za a kai shi."

Khalid ya iso da motar, ya zo gaisuwa ne kawai, ƙyallayen adon bikin jiya bai gama cirewa ba. A nan, a bakin Salome, ya fara jin maganar tsamiya. Na ga yadda fuskarsa ta sauya. Ya ce zai kwance kujerun baya, a kwantar da akwatin a ciki, a rufa da tamfol. Aka kira Tizhe a waya. Tizhe ya ce mayo, wato rafin da ke hanya, ya cika, hanyar duk ramuka ce, in ta ɗauki nauyi ta shiga nan za ta buɗe a tsakiya ta zubar da abin da ta ɗauko. Salome ta dubi jajayen kujerun nan, ta ce, "A bari, ɗana. A nemo wani."

A-kori-kura aka samu, ta wani mai jigilar gyaɗa. An share bayanta, amma ɓawon bai fita duka ba. Rufa'i ya ƙi shiga gaba. Ya sa aka ɗauko igiyoyinsa daga but ɗin Fijo, ya hau baya da taimakon mutane, ya ɗaure akwatin da hannunsa yana lalube, ya zauna kusa da shi.

Khalid ya riƙe ƙarfen motar, idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba? Kalma ɗaya, Baba. Da ka ce a'a, wallahi da ban taɓa ta ba."

Rufa'i ya juyo da idonsa mai gani, ya wuce kan ɗansa, ya nemo ni.

"Malam, ka gaya wa wannan yaron ya koma. Yana da amarya da la'asar."

Direba ya tayar. Ruwa ya fara sauka tun ba su fita gari ba.

Yau Rufa'i ba ya zuwa kasuwa. Khalid na kula da shi, ba abin da ya rasa, gaisuwa ma ba ta yanke ba, sai dai ta gajarta. Rufin na nan jingine a tsakar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. 'Yan gwangwan sun taya ya fi a ƙirga. Surukarsa kan shanya wanki a kan kariyar, in ya ji motsin haka sai ya ce rana ta fi kyau a ɗaya gefen, ita kuma ta ɗauka maganar rana yake yi.