Mai kile ga wuya

Ranar kasuwar Buza, wani baƙo shina zaune kusa da albasata, kile, wato filashin kwamfuta, rataye ga wuyanshi kamar laya. Riga ta sha guga, takalmi kuwa ko kyauta ban so. Wai Linuks shika zuba ma tsofaffin ordinata, wato kwamfutoci, manhaja ce da kowa ka ɗauka kyauta shi gyara.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta miƙa mishi tata, motar da za ta shiga na shirin tashi.

"Madan, in na zuba, komi na ciki gogewa za shi yi. Kin kwashe?"

"Muryar innata ce kaɗai, tana waƙar coci."

"Tana da rai?"

Ta girgiza kai. Ya janye hannu.

"Sai mun kwashe ta, ko mota ta tafi."

Wanga ya taɓa goge muryar wani nashi, ba sai an gaya mini ba.