Gwaggo Mai Neman Shekarun Yara

Ƙarfe bakwai na safe Gwaggo tana ƙofar gidan tsare yara, da jakarta a hammata da tabarau ɗaure da zare. Ba ta fara shiga ofis. Ɗakin sababbin zuwa take wucewa, ta zauna a bakin katifa, ta tambayi yaro ko ya ci abinci, sannan shekarunsa nawa. Zancen laifi sai daga baya. Jami'ar walwala ce, shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ta daɗe da sanin cewa sau da yawa da ido ake rubuta shekarun yaro a wurin kamu. In ya yi tsawo ko muryarsa ta buɗe, sai a sa masa sha takwas, daga nan kuwa sai gidan yarin manya.

Direban motar gidan tsare yaran ne ya ba ni labarin Dogo, wanda aka kama da batirin mota. Takarda ta ce sha tara, shi ya rantse sha huɗu ne. Alƙali ya ce a kawo shaida ran Alhamis, in babu, a kai shi cikin manya. Ɗan sandan da ya kawo shi har da zolayar Gwaggo, wai lauyar ɓarayi ta samu aiki, ta dubi gashin bakin jaririn nata mana.

"Ɗana, kai ma da shi aka haife ka?" in ji ta.

Ta je makarantar da Dogo ya bari, ta tarar gara ta cinye rajista. A asibiti aka ce ta dawo mako mai zuwa. Ran Laraba ta gano kakarsa, wata tsohuwa, wadda ta ce ita dai ta san da damina aka haife shi. Gwaggo ba ta tashi ba. Ta roƙi a sauko da akwati, suka bi tsumma ɗaya bayan ɗaya, har suka kai ga wani kati da tsohuwar ke soke allurai a jiki. Katin rigakafinsa ne, duk huji, amma ranar haihuwar tana nan.

Ran Alhamis alƙali ya ɗaga katin a haske, ya lissafa, ya ce sha huɗu da wata biyar. Direba ya ce a mota Dogo ya yi ta kuka, ita kuwa faɗa take masa, don batirin dai ya ɗauka, kuma ba ta taɓa cewa bai ɗauka ba. Wata uku ya yi a hannunta, yana koyon karatu da safe.

Gwaggo, ke ce mai sanin ƙofar kowace kaka. Ke ce kika hana tsawon yaro ya zame masa laifi na biyu. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, ban ma san ko za ki so wannan rubutu ba, amma mun gode, Allah ya ba ki hutu da lafiya.

Iyaye, ku adana katin 'ya'yanku. Masu riƙe da biro kuma, kafin ku rubuta sha takwas, ku tashi ku je ku bincika, don daga wata mai zuwa Gwaggo tana gida.