Ranar da Kwamfuta Ta Kulle Muryar Matata

Akwai abubuwan da shekaru kan goge daga zuciyar mutum, amma yammacin da kwamfutata ta kulle muryar matata ba ya cikinsu. Ko tsufa ya kai ni ga mance sunayen jikokina, ban ga alamar za ni mance da shi ba.

Ni malamin firamare ne a Sabon Birni. Matata ta rasu kwanaki kaɗan bayan ta haifi ɗiyarmu, kuma abin da ya rage mini na kamanninta bai wuce 'yan hotuna da bidiyo guda ba. A bidiyon tana zaune kan tabarma da tsohon ciki, tana tsince wake, tana dariya tana cewa in aje wayar nan in zo in taya ta. Da wayar ta fara ba ni matsala, sai na kwashe komai na zuba a wata tsohuwar kwamfuta da na saya don buga jarrabawar yara. Ba a daɗe ba wayar ta mutu. Haka ɗiyata ta tashi, ba ta san uwarta ba sai a wannan allo.

Wani abokin aikina ne ya tsorata ni, ya ce bairos, cutar nan ta kwamfuta, ya cinye masa aikin shekara guda. Na ɗauki kwamfutar sai Sakkwato, wurin wani mai gyara da aka yaba mini. Na ce masa maganin bairos nake so, wanda ya fi kowanne ƙarfi.

Ya ce, "Akwai na kyauta, akwai na saye. Na kyauta ƙofa kaɗai shika tsarewa. Wanga na saye har taga shina dubawa. Sai dai ka riƙa haɗa shi da intanet, don can shika samun labarin sababbin cututtuka."

Ban yi dogon tunani ba na zaɓi na sayen. Ya sa mini shi, wani koren tambari ya fito a gefen allo, na dawo gida zuciyata sakayau. Maganar intanet kuwa ban ɗauke ta komai ba, tunda a lokacin sabis na kamawa har cikin ɗakina.

Sai aka yanke sabis a yankinmu gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Mai son kira sai ya nufi wajen iyaka ya hau tudu, ko Allah zai sa ya kamo na Nijar, shi ma da ƙyar murya ke fita. Koren tambarin nan ya koma rawaya, daga baya ya yi ja. Kullum na kunna kwamfutar sai ya roƙe ni in haɗa shi da intanet, ni kuwa in rufe saƙon, don ba ni da inda za ni samo masa.

A cikin wannan hali ne mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa gari. Maƙwabcina ya sauke wata tsohuwa daga wani ƙauye can wajen Unguwar Lalle, wadda aka kashe ɗanta a gona. Wata rana bayan la'asar ta yi sallama a zaurena, ta kwance bakin zanenta, ta fito da ɗan memori a naɗe cikin leda. Ta ce daga fasasshiyar wayar ɗanta aka ciro shi. Ta kai shi shagon masu caji da tura waƙoƙi, sun soka shi a na'urarsu, amma hayaniya ta hana ta gani da kyau.

"Malam, an ce kana da abin da ka nuna hoto babba. Ina son in ga fuskatai ko sau guda."

Wane ne zai ce wa wannan uwa a'a? Na sa memorin, na umarci manhajar maganin bairos ɗin ta bincike shi, ta ce ba ta ga komai ba. Na danna wani abu mai kama da jakar hotuna, bai buɗe ba, na danna na kusa da shi. Sai ga saurayin a tsaye cikin gero wanda ya fi shi tsawo, da kalme a kafaɗa. Tsohuwar ta matso, ta ɗora tafin hannunta kan allon. Da aka kira magariba na ce mata ta bar memorin, za ni kwafe mata hotunan don kada su ɓace. Na bar shi a jikin kwamfutar na tafi masallaci.

Da na dawo, duk hotunan sun koma fararen takardu, kowanne da wata baƙuwar jela a ƙarshen sunansa. Na tsohuwar, nawa, jarrabawar yara, har da bidiyon. Na danna shi ya fi a ƙirga, bai motsa ba. Abu guda ne ya buɗe, wani saƙo da Turanci, wai an kulle kayana, in ina son mabuɗi in tura daloli. Na zauna ƙasa.

Da safe na je na sami tsohuwar. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya gaya mata cewa har memorinta abin ya shafa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Nan ma fansa aka biɗa?"

Na ce, "Haka na, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta ce, "To, aƙalla na gane shi jiya. Allah shi saka maka." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na sake bin hanyar Sakkwato, a lokacin da direbobi ba sa tashi sai sun ji labarin hanya daga wanda ya fito. Mai gyaran ya haɗa kwamfutar da intanet, manhajar ta sha sabon bayaninta, nan take ta cafke bairos ɗin da ya shigo ta memorin tsohuwar ta goge shi, tambarin ya koma kore shar. Ina kallonsa hawaye suka zubo mini. Ashe tana iyawa, labarin ne kawai bai iso mata ba. Amma abin da aka kulle ya kullu. Mai gyaran ya gwada duk dabarar da ya sani har rana ta yi sanyi, sannan ya ce ko na biya mutanen nan babu tabbacin za su buɗe. Ya ba ni shawarar kada in goge komai, wataƙila wata rana a samu mabuɗi.

Abin da ya fi komai ciwo yana jirana a gida. Ɗiyata ta jawo tabarma gaban kwamfutar kamar yadda ta saba, ta ce, "Baba, buɗe mani Mama." Na ce mata kwamfutar ba ta da lafiya. Ta yi ta tambaya na wasu watanni, daga nan ta bari. Bara ne, ta zama budurwa, muna cin tuwo ta ce mini ta tuna kalmomin da uwarta ta faɗa, amma sautin ya ɓace mata. Ban gaya mata cewa ni ma ya fara ɓace mini ba. Tsohuwar kuwa ta bi danginta zuwa Nijar, can na ji rasuwarta. Kwamfutar tana nan cikin akwati, fayilolin na ciki, shekara da shekaru ba mabuɗi.

Na koyi cewa in za ka zaɓi abin da zai tsare maka kaya, kada tambayarka ta tsaya ga wanne ya fi ƙarfi. Ka tambaya me yake bukata kafin ya yi aiki, kuma ko garinku zai iya ba shi a ranar da abubuwa suka lalace. Sannan duk abin da ranka ba zai jure rashinsa ba, ka aje shi wuri biyu, uku, ka ba ɗan'uwa ya riƙe maka ɗaya. Na san wannan yanzu sarai, sai dai ba ni da sauran abin da za ni aje.