Buhun Iri da Fitowar Kaza

Bangi zuwa Keita

Tun kafin kiran assalatu muka bar Bangi, ni da Baba Nomau, aminin mahaifina. Ƙarshen bazarar da ta biyo bayan farin shekarar tamanin da huɗu ne, kuma gidanmu babu ko tiya ɗaya ta iri. Bara wana Ada ya shuka da ruwan farko rana ta ƙone, ya sake shukawa ta sake ƙonewa, abin da ya rage muka ci. Kawu Shaibu da ke wani ƙauye a kwarin Keita ya aiko cewa ya ajiye mana buhun hatsi guda. Wannan buhu shi ne damanarmu duka. In ya salwanta, sai dai mu ja ƙyaure mu bi 'yan ci-rani zuwa kudu.

Ni kaɗai aka shirya zan je. Ana gobe tafiya Baba, wato mahaifina, ya ce Nomau zai raka ni, kuma raina bai so ba. Tsohon yana da baki fiye da goma a gida, rumbunsa ya riga namu bushewa. Me zai kai mai ciwon gwiwa duwatsun Adar in ba ya hango wani abu?

Motar 'yan kasuwa ta sauke mu Madawa da hantsi. Muka sha fura a tasha cikin warin albasa, muka shiga wata tsohuwar landiroba mai zuwa Buza. A shingen fita gari jandarma ya karɓi katinmu, ya juya shi gaba da baya, ya tambayi inda za mu.

"Ziyara," in ji Nomau, tun ban buɗe baki ba.

Na riƙe wannan a raina. Mun kwana Buza, washegari wata babbar mota ta kai mu Keita da la'asar, ta hanyar da ta kusa zazzage mana haƙora.

Gidan Kawu

Kawu ya karɓe mu da tuwon dawa miyar kuka, ya fito da buhun. Na cusa hannu har gwiwar hannu, hatsi ne mai kyau, ba ƙwari. Na ɗinke bakin da kaina da jan zare, na yi ƙulli irin wanda ni kaɗai na iya.

Na ce da safe za mu juya. Nomau ya ce gwiwarsa ta kumbura. Na duba, ni dai gwiwa na gani kamar ta kowa. Washegari kuma ya ce bai gai da wani tsohon abokinsa ba. Sau biyu ina tarar da shi da Kawu suna ƙus-ƙus bayan rumbu, da sun gan ni sai su koma zancen awaki. Abin da ya fi damuna, kullum kafin asuba sai in ji ya zare jiki ya fita. Daga nan na mai da buhun matashin kaina.

Ranar kasuwar Keita wani mai jaki ya kawo labari: an yi ruwa wajen Madawa har Bangi, mutane sun fita shuka. Na ji kamar an zuba mini garwashi a riga.

"Baba, yau za mu tahi, ko da goyonka zan yi."

"To, ɗana, mu tahi," ya ce, yana ɗaure tabarmarsa a hankali kamar mai naɗe rawani.

Buza

A Buza ya ce mu sauka gidan wani malami saninsa, mai hisabin taurari. Na ce a raina, ga mai sayen ya samu. Ban saki buhun ba har a wurin cin abinci.

Malamin ya dube ni ya yi murmushi, ya tambayi lokacin da aka haife ni. Nomau ya ce, "Cikin bazara, Kaza tana ɓoye. Ni na raɗa mai suna Illa."

"Ai shi ya sa," in ji malam. Ya zana ƙasa da yatsa ya ce tarin taurarin da muke kira Kaza da 'ya'yanta, su a littafi Surayya suke ce mata, kuma tana kan tozon burujin Saur, wato Sa. Idan rana ta shiga gidan San, haskenta yakan rufe Kaza wajen kwana arba'in, ba a ganinta da magariba, ba a ganinta da asuba. Tsofaffin manoma ba sa amincewa da ruwan da ya zuba a wannan tsakani, sai ta sake leƙowa daga gabas.

"Burujin ƙasa ne," ya ce. "Wanda anka haihwa cikinai akwai haƙuri, akwai taurin kai, abin da ya shiga hannunai kuwa ba shi hita. Allah dai Shi ne masani."

Nomau ya nuna ni da haɓa, ina rungume da buhu, suka tuntsure da dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Da safe mota ta cika saura mutum biyu. Ina ganin Nomau ya ja direba gefe ya yi masa magana a kunne. Direba ya dawo ya ce ba wurin kaya, alhali ga tumaki uku ɗaure a saman motar. Ta tashi ta bar mu. Sai tsohon ya ce tunda haka ta faru, mu leƙa Tabotaki ya yi gaisuwar rasuwa.

Tabotaki

Tabotaki ba hanyarmu ba ce, baya ma muka koma. Na bi shi ne kawai don kuɗin motarmu yana lalitarsa. Mai rasuwar kuwa, da na tambaya, ashe tun kaka aka rufe shi.

Nan na yanke shawara. Da na ji ya zare jiki kafin asuba, na duba jan zarena, na ɗauki sanda na bi bayansa. Na tabbata zan same shi da mai raƙumi suna shirya yadda za a raba ni da buhu. Mai ciwon gwiwar nan ya haye tsaunin bayan gari kamar ɗan akuya. A can na iske shi tsaye shi kaɗai, ya fuskanci gabas.

Bai waiwayo ba. "Illa, aje sandar ka zo. Idonka ya hi nawa. Mi ka gani can bisa karyayyar itaciyar ga?"

Na ƙura ido. Ƙasa-ƙasa, inda sama ta fara fari, akwai wani ɗan tari kamar an watsa tsaba.

"Ita ce," ya ce, ya sauke ajiyar zuciya. "Jan tauraron ga, idon San, yana biye da ita, sai nan gaba shi hito. Yau gida za mu."

Na tambaye shi ko don wannan ya yi ta yawo da hankalina. Ya ce in tambayi ubana. Ranar nan gwiwa ba ta yi ciwo ba, direbobi ma duk suna da wurin kaya.

Gida

Mun kwana Madawa, muka shiga Bangi da azahar. A bakin gari na ga gonakin da aka shuka da ruwan farko, wasu sun tsira, da yawa sun kwanta sun yi ja. Ada ya tarbe ni da faɗa, wai da na zo da wuri da tuni ya gama shuka. Na wuce shi zuwa zaure.

Baba yana zaune kan buzunsa. Shi ne wanda unguwarmu take jira kowace shekara ya ce Kaza ta fito. Na dire buhun gabansa, ya shafa ɗinkin da hannu.

"Ni na ce ma Nomau kada shi maido ka sai ta hito," ya ce. "Da irin ga ya kwana gidan ga ranar ruwa, wanka Ada ba shi saurara mini."

"Baba, ai da kai ka ce mai ba ta hito ba."

"Bara na hwaɗi, ya ce in gwada mai inda take tahowa." Ya juyo wajena. "Kai ka gane ta?"

"Na gani."

"Ɗiyanta nawa?"

"Huɗu na ƙirga, gari ya fara haske."

"Shidda ne," ya ce, yana kallon gefen kafaɗata, inda ba kowa. "Ni damana ukku ke nan ban ga ko guda ba. Nomau kaɗai ya sani."

Sai a lokacin na lura da farin da ya rufe ƙwayar idonsa. Tausayi ya kama ni.

Ruwa ya sauka cikin makon, muka shuka. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Kawu Shaibu da malamin Buza. Baba Nomau kuwa, na kai masa ƙwarya biyu daga buhun, ya juye ya ce in bar masa jan zaren ya riƙa tunawa da ɓarawon da aka yi gadi. Tun daga shekarar ni nake hawa tudu da asuba, in dawo in faɗa wa Baba a kunne, shi kuma ya fita ya faɗa wa unguwa.